BABI NA UKU: MATSALAR ƁATA MUHALLI GA RIƘAƘƘEN KAREN DA AKE BARI SHI KAƊAI A ƘASAR KUDAN

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan wata matsala da masu kiwon kare suke yawan kokawa da ita, wato yadda karen da ya riƙa yake komawa yana fitsari da kashi a inda aka ɗaure shi ko a tsakar gida, duk lokacin da mai shi ya tafi nema ya bar shi tun safe har yamma. Za a dubi matsayin kare a ƙasar Kudan, da dalilan da suke haddasa matsalar, da illolinta, sannan da hanyoyin magance ta. Manufar babin ita ce a nuna cewa mafi yawan laifin yana ga tsawon lokacin da karen yake yi a tsare, ko da yake shi ake ɗora wa.

3.1 Matsayin Kare a Ƙasar Kudan

Ƙaramar Hukumar Kudan tana arewacin Jihar Kaduna, arewa da birnin Zariya, kuma hedikwatarta tana Hunkuyi. An cire ta daga Maƙarfi a shekarar 1996, kamar yadda ita ma Maƙarfi aka cire ta daga Ikara tun da farko. Mafi yawan mutanenta manoma ne, sun yi fice a noman rake da tumatir da inabi, ga kuma noman damina.

Bahaushen wannan yanki ba ya ajiye kare don ado ko don ya ɗebe masa kewa, kamar yadda ake yi a Ingila da Amurka. Yana ajiye shi ne don farauta, ko gadin dabbobi, ko tsaron gona da gida. Wannan ya yi kusa da abin da littattafan fiƙihun Malikiyya suka tanada, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a makarantun zaure. Littafin ya taƙaita halaccin riƙon kare ga tsaron shuka da dabbobi da kuma farauta.

A da, kare a sake yake wuni. Idan buƙata ta kama shi sai ya nufi juji ko bayan gari, ba tare da wani ya koya masa ba. Amma da gidaje suka matsu, aka kewaye su da katanga, aka kuma riƙa samun ƙorafi a kan cizo da kamun kaji, sai ɗaure kare da rana ya zama ruwan dare. Manomin rani yakan fita fadama bayan sallar asuba, ba zai dawo ba sai gab da magariba. Haka ma mai dafa mazarƙwaila, da ɗan kasuwa, da ma'aikacin da yake zuwa aiki Zariya. Matan gida kuwa galibi suna ƙyamar taɓa kare, yara kuma suna makaranta. Ke nan kare yakan yi awa 10 zuwa 12 a turke ɗaya ba wanda ya kwance shi.

3.2 Dalilan da ke Haddasa Matsalar

3.2.1 Tsawon Lokacin Tsarewa

Wannan shi ne babban dalili. Likitocin dabbobi sun nuna cewa lafiyayyen karen da ya riƙa yana iya riƙe fitsari na kimanin awa 6 zuwa 8, kuma yana buƙatar fita sau 3 zuwa 5 a kowace rana. Idan aka kwatanta wannan da awa 12 na wunin manomi, za a ga cewa an ɗora wa dabbar abin da jikinta ba zai iya ɗauka ba. Saboda irin wannan ne ƙa'idojin ƙasar Suwidin suka ba da shawarar a fitar da kare aƙalla sau ɗaya a cikin kowace awa 6 da rana. Daɗin daɗawa, hanjin kare yakan motsa jim kaɗan bayan ya ci abinci. Don haka wanda ya zuba wa karensa ƙanzo ko sauran tuwo da sassafe, ya ɗaure shi nan take ya fita, shi da kansa ya shirya ɓarnar da zai tarar.

3.2.2 Rushewar Ɗabi'ar Tsabta

Kare yana da ɗabi'ar ƙin ɓata wurin kwanansa, kuma tun yana kwikwiyo, wajen sati 8 zuwa 9 da haihuwa, yake zaɓar irin wurin da zai riƙa yin buƙatarsa, ko rairayi ko ciyawa. Idan igiya ta yi gajarta har ya zama dole ya yi a inda yake kwana, to a hankali wannan ƙyama takan fita daga ransa. Daga nan ko an sake shi, a tsakar gida zai yi, domin warin da ya bari jiya shi ne yake kiransa yau. Hausawa na cewa sabo turken wawa.

3.2.3 Sa Alama

Akwai bambanci tsakanin fitsarin matsuwa da fitsarin sa alama. Na matsuwa yana da yawa, kuma a wuri ɗaya ake tarar da shi a ƙasa. Na alama kuwa kaɗan ne, namijin kare yakan ɗaga ƙafa ya ɗiga shi a jikin bango ko rumbu ko buhun hatsi, don ya sanar da sauran karnuka iyakarsa. Yakan ƙaru idan akwai karya mai neman barbara a unguwa, ko an kawo baƙon kare gidan.

3.2.4 Damuwar Kaɗaici

Kare dabba ne mai son zama cikin jama'a. Karen farauta da ya saba bin ubangidansa daji da rani, idan damina ta faɗi aka jingine farauta aka bar shi a gida, yakan shiga damuwa. Alamominta su ne haushi ba ƙaƙƙautawa, da tauna igiya, da tonon ƙasa, da sakin fitsari ko zawo tun mai shi bai yi nisa ba. Abin da ya bambanta wannan da matsuwa shi ne yana faruwa ne a farkon rabuwa, mafi yawa cikin rabin awa zuwa awa ɗaya.

3.2.5 Rashin Lafiya

Idan karen da aka sani da tsabta ya sake hali rana ɗaya, abin da ya kamata a fara zargi shi ne ciwo. Ƙwayoyin cuta a mafitsara, da ciwon ƙoda, da ciwon suga, da tsutsar ciki, da tsufa, duk suna rage masa ikon riƙewa. Yawan shan ruwa, ko jini a fitsari, ko yunƙuri ba tare da wani abu ya fito ba, alamu ne da suke buƙatar a kai shi ga likita.

3.3 Illolin Matsalar

Illa ta farko ta shafi ibada. Malaman Malikiyya suna ɗaukar jikin kare mai rai a matsayin mai tsarki, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne. Tsakar gidan Bahaushe kuwa nan ake shimfiɗa tabarmar salla, nan ake shanya hatsi, nan yara suke rarrafe. Wannan ne ya sa matsalar take jawo saɓani tsakanin maigida da iyalinsa.

Illa ta biyu ta shafi lafiya. Kashin kare yana ɗauke da ƙwayayen tsutsotsi da suke daɗewa a cikin ƙasa. Wasu suna shiga cikin yaro idan ya kai hannu baki, wasu kuma tumaki da awaki da shanu suke kwasa a cikin harawa, su zama ƙululun ruwa a hanta da huhu.

Illa ta uku ita ce korar kare. Idan mai shi ya gaji yakan sake shi ya shiga gari, ba abinci ba allurar rigakafi. Irin waɗannan karnuka su ne suka fi yaɗa cutar haukan kare, wadda da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum da wuya ya tsira.

3.4 Hanyoyin Magance Matsalar

Abin da aka fi yi shi ne dukan kare ko tura hancinsa cikin ƙazantar idan an dawo da yamma. Wannan ba ya magani, domin kare ba ya iya haɗa hukunci da abin da ya aikata awanni da suka wuce. Sunkuyar da kai da maƙale wutsiya da yake yi, wanda ake ɗauka alamar ya san laifinsa ce, tsoron fushin mai shi ne. Gwajin da Alexandra Horowitz ta buga a Amurka a shekarar 2009 ya nuna cewa karnuka suna yin wannan kama idan an yi musu faɗa, ko sun yi laifin ko ba su yi ba. Hanyoyin da suka fi amfani su ne:

(a) A fitar da shi bayan asuba, a jira ya gama kafin a ɗaure shi, sannan a mayar da babban abincinsa zuwa yamma. Ruwan sha kuwa kada a hana shi, musamman da bazara.

(b) A sami wanda zai kwance shi da azahar, ko ɗa ko ƙane, don a raba wunin gida biyu. Idan hali ya yi, tafiya da shi gona ta fi.

(c) A tsawaita igiya ko a yi masa shinge mai faɗi, inuwa da wurin kwana a gefe ɗaya, rairayi a ɗaya gefen, nesa da rijiya da madafa.

(d) A riƙa kai shi wuri ɗaya kullum, kuma a ba shi ɗan abin taɓawa nan take idan ya yi a wurin.

(e) A kwashe ƙasar da ya ɓata gaba ɗaya a binne, a zuba sabuwa, don warin ya fita.

(f) Fiɗiya takan rage sa alama ga yawancin maza, amma ba ta maganin matsuwa ko kaɗaici.

(g) A riƙa ba shi maganin tsutsa da allurar haukan kare. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana samar da wannan allura, kuma asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ba shi da nisa da Kudan.

3.5 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa ɓata muhalli ga riƙaƙƙen kare ya samo asali ne daga sauyin da aka samu, daga sakin kare zuwa ɗaure shi, ba tare da an yi masa tanadin abin da juji yake yi masa a da ba. An kawo dalilai biyar, an kuma nuna cewa kowanne da alamarsa da maganinsa. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma karen da ya riƙa ma yana karɓar horo idan an daidaita lokacin cinsa da na fitarsa. Bahaushe da kansa ya ce ba a kiwon kare ranar farauta, saboda haka wanda yake son moriyar kare da dare, wajibi ne ya kula da haƙƙinsa da rana.