Amurka: difloma ta zane, bashi na shekara goma

A ƙasar Amurka, kowace shekara cikin watan Mayu, dubban samari da ƴan mata suna fitowa daga manyan makarantu da difloma ta zane-zane. Sun yi shekara 4 cikin ɗakunan aiki suna koyon zane da fenti, da sassaƙa, da ginin yumɓu, da ɗaukar hoto. Wata 6 bayan bukin ba da difloma, takardar farko ta biyan bashi takan iske su a gida.

Yadda bashin yake taruwa

A can, karatun jami'a na kuɗi ne. Manyan makarantun zane masu zaman kansu, kamar Rhode Island School of Design wadda aka kafa a 1877, suna karɓar sama da dala 50,000 a shekara, ban da ci da wurin kwana da kayan aiki. Dalar Amurka ake nufi, ba dala mai tamma 5 ba. Abin da ya sa tsadar ta kai haka shi ne irin koyarwar: ɗalibai kaɗan a gaban malami guda, da ɗakuna masu faɗi, da murhun gasa yumɓu, da injunan aikin ƙarfe da na katako.

Wanda iyayensa ba su da hali sai ya ci bashin gwamnati. Ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa yana iya ramtar har dala 31,000 kafin ya gama, wato sama da miliyan 15 na kuɗin sefa. A shekarar karatu ta 2024-2025, kuɗin ruwa ya kai kashi 6.53 cikin 100. Da wannan lissafi, mai bashin zai riƙa biyan wajen dala 350 kowane wata har shekara 10. Idan kuɗin bai isa ba, uwa da uba su ma su ramto nasu, ko a je banki. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa: a 2024, mutum wajen miliyan 43 ne gwamnatin Amurka take bi bashin karatu, jimilla kimanin dala miliyar 1,600.

Wannan bashi kuwa ba ya da saurin mutuwa. Ko mutum ya je gaban alƙali ya shaida cewa ya karye, da wuya a yafe masa. In ya yi kwana 270 bai biya ba, doka ta ba gwamnati ikon cire har kashi 15 cikin 100 na albashinsa tun daga tushe.

Abin da diflomar take kawowa

Alƙaluman reshen New York na Babban Bankin Amurka suna sanya zane-zane cikin fannonin da albashinsu na farko ya fi ƙanƙanta. Sabon mai diflomar zane yana samun wajen rabin abin da sabon injiniyan kwamfuta yake samu, kuma fiye da rabinsu suna aikin da ba ya bukatar difloma ko kaɗan.

A 2014, wata ƙungiyar masu zane mai suna BFAMFAPhD ta binciki ƙidayar gwamnati. Ta gano cewa cikin mutum wajen miliyan 2 masu diflomar fannonin fasaha, kashi 10 cikin 100 kawai ne suke ci da sana'ar. Sauran sun koma koyarwa, ko tsaron kanti, ko aikin biro. Ta kuma gano cewa kashi 40 cikin 100 na masu ci da sana'ar ba su da diflomar jami'a. Dalili a fili yake. Likita ba ya taɓa majinyaci sai da takarda, amma mai sayen hoton bango ba ya tambayar lakkol ɗin da mai zanen ya yi: aikin yake dubawa.

Makarantun su ma sun jigata. San Francisco Art Institute, wadda aka kafa a 1871, ta rufe a 2022. University of the Arts ta birnin Filadelfiya ta rufe a watan Yuni 2024, bayan sanarwar mako guda. Rukunin makarantun kasuwanci na The Art Institutes ya rufe a 2023. A watan Mayu 2024, gwamnatin Shugaba Biden ta yafe wa tsofaffin ɗalibansa 317,000 bashin dala miliyar 6.1, bayan ma'aikatar ilimi ta tabbatar cewa an ruɗe su game da samun aiki da yawan albashi.

Sabon ma'auni

Tun 2019, ma'aikatar ilimi take bayyana bashi da albashin ɗaliban kowane fanni a kowace makaranta, cikin kundin da ake kira College Scorecard, domin iyaye su gani kafin su sa hannu. Dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ran 4 ga watan Yuli 2025 ta ƙara matsawa. Ta tanadi cewa daga Yuli 2026, bashin iyaye ba zai wuce dala 65,000 a kan ɗa guda ba. Haka kuma, fannin da ɗalibansa suka kasa samun abin da mai takardar gama lise yake samu, sau 2 cikin shekara 3, za a rufe masa ƙofar bashin gwamnati.

Malaman zane suna ƙorafi cewa albashin shekarun farko ba ya auna darajar mai fasaha, domin sunansa yakan daɗe bai fito ba, kuma ƙasa tana bukatar masu zane kamar yadda take bukatar injiniyoyi. Masu goyon bayan dokar suna amsawa cewa bai kamata a ɗora wa yaro mai shekara 18 kayan da sana'arsa ba za ta iya saukewa ba.

Akwai makarantar da ta ɗauki wata hanya. Cooper Union ta New York ta koyar kyauta har 2014, sannan ta fara karɓar kuɗi, kuma ta tsara komawa ga kyauta a shekarar karatu ta 2028-2029. Kafin irinta su yawaita, iyalin da ɗansu yake da hannun zane dole ne su ajiye takarda biyu gefe da gefe, ta kuɗin makaranta da ta albashi, su yi lissafi tun ba a sa hannu ba.