Testa Mai Araha: A Yi Hattara

'Yan'uwa ɗalibai, wutar lantarkin da ke zuwa gidajenmu a Garwa daga madatsar Lagdo bolt 220 ce, kuma tana kisa. Testar nan mai kama da sukundireba, sai ka ɗora yatsa a bayanta ƙwanta ke kamawa, domin 'yar wuta kaɗan ke ratsa jikinka. Wani ɗan abu a cikinta ke rage ƙarfin wutar. In jabu ne, ko ruwa ya shiga, wuta za ta ja ka. A hasken rana kuwa ƙwan ba ya ganuwa sosai, sai ka zaci babu wuta.

Don haka a fara gwada ta a soket mai wuta, a kashe babban makunni kafin taɓa waya. Yara kuma, a kira mai gyara. Araha ba ta ado. Allah ya kiyaye mu, amin.