Daga Samaru Zuwa Johannesburg: Abin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Sani

'Yan uwa ɗalibai, tun da na dawo daga Afirka ta Kudu, duk wanda muka haɗu a aji ko a wajen mai shayi tambayarsa ɗaya ce: "Wai ya ƙasar take?" Yayana ne da ke sana'a a Johannesburg ya gayyace ni na yi mako uku. Bari in amsa muku gaba ɗaya, musamman masu burin zuwa ƙaro karatu can.

Kafin komai, ban da biza, sai ka riƙe katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Daga Legas zuwa filin jirgin O.R. Tambo tafiyar kamar awa shida ce.

Abin da ya fara kama ni shi ne sanyi. Na bar Samaru a watan Yuli ana tsakiyar damina, na sauka da 'yar shadda ta. Wallahi sai da haƙorana suka riƙa haɗuwa. Dalili kuwa, ƙasar tana kudu da layin da ya raba duniya biyu, don haka hunturunsu a Yuni da Yuli yake, zafinsu a Disamba. Ga shi kuma Johannesburg tana kan tudu, kimanin mita 1,750 sama da teku. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri.

Na biyu, titi. Su ta hagu suke tuƙi, kamar yadda mu ma muke yi kafin Najeriya ta koma dama a 1972. In za ka tsallaka, dama za ka fara dubawa. Ranar farko da ba don yayana ya fizgo ni ba, da yanzu wani labarin ake yi.

Motocin haya kuwa ƙananan bas ne irin namu na Kwangila, sai dai babu kwandasta mai kiran "Sabon Gari! Sabon Gari!" Da hannu ake magana. Ka ɗaga ɗan ali sama, cikin gari za ka. Ka nuna ƙasa, nan kusa za ka sauka. Kuɗin mota daga baya ake miƙo shi layi-layi, wanda ke zaune kusa da direba shi ke haɗawa ya ba da canji. In lissafinka da rauni, kar ka zauna gaba.

Abinci bai ba ni wahala ba. Abin da suke kira pap tuwon masara ne sak. Shi ne sadza a Zimbabuwe, shi ne nshima a Zambiya. Mai neman naman halal ya nufi unguwannin Fordsburg da Mayfair, inda Indiyawa da Somaliyawa suke da yawa, ga masallatai.

Sai maganar da ta fi nauyi. Wasu, da zarar sun ji daga Najeriya kake, sai fuska ta canza. Rashin aiki ya yi wa matasansu katutu, wasu kuma suna ɗora laifin a kan baƙi. A Satumbar 2019 an kai wa shagunan baƙi hari, har kamfanin Air Peace ya kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya kyauta. Shawarar yayana ita ce: takardunka su zama cikakku, ka guji yawon dare, ka koyi gaisuwarsu. "Sawubona" ɗaya ta Zulanci ta sassauto mini da mutane da dama.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne gidan tarihin Hector Pieterson a Soweto. Ranar 16 ga Yuni 1976 ɗalibai suka fito suna ƙin a koyar da su da harshen Afrikaans, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Ina tsaye a wurin na tuna da ɗaliban da aka harbe a nan Samaru a 1978, lokacin zanga-zangar "Ali Must Go". Na ba wani ɗalibi da muka haɗu a can labarin, ya ce bai taɓa ji ba. Ni ma kafin ranar ban san sunan Hector ba. Muka yi musayar lamba, har yau muna gaisawa.