Ƙarar Inji Da Kunnenka

Kai mai karatu, ka san rumfar mai niƙa a nan Gure da hantsi. Mata da ƴan mata sun jera kwanonin hatsi. Inji yana ta ruri. Mai niƙa ya yi fari fat da gari. In za ka yi masa magana, sai ka kai bakinka kusa da kunnensa ka ɗaga murya. In ka ce masa, "Malam, wannan ƙara ba ta damunka?" sai ya yi dariya ya ce, "Ai na saba."

To, wannan sabon shi ne abin tsoro. Kunne ba ya sabawa da ƙara. Abin da ya sa ƙarar ta daina damunsa, jinsa ne ya fara raguwa.

Yadda ƙara take cin kunne

Kunnen da kake gani a waje ƙofa ce kawai. In sauti ya shiga, sai ya bugi wata fata siririya mai kama da fatar ganga. Ita ce dodon kunne. Daga nan sai ya bi ta ƙananan ƙasusuwa 3, ya isa wani ɗan ɗaki a can ciki, mai kama da katantanwa, cike da ruwa. A cikin ɗakin nan akwai ƴan ƙwayoyi masu gashi, wajen 15,000 a kowane kunne. Ido ba ya ganinsu. Su ne suke kai wa ƙwaƙwalwa labarin abin da aka faɗa.

Ka lura da ciyawar bakin rijiya. In garke ya taka ta sau ɗaya, gobe ta miƙe. In kullum ana taka ta, sai wurin ya koma fili, ko damina ta zo ba ta fitowa. Haka ƙara mai ƙarfi take yi wa gashin nan. Ranar farko ka tashi daga aiki kunnenka yana "shuuu", kana jin maganar mutane kamar daga cikin tulu. Ka kwana, da safe ya washe. Sai ka ce ba komai. Amma wataƙila wasu ƙwayoyin sun riga sun mutu, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Har yau babu allura, babu ƙwaya, babu sassaƙe da yake mayar da shi.

Ba ya zuwa da ciwo, ba ya zuwa da jini. Mu mutanen Gure mun san yadda rairayi yake cinye kwari. Bana ya rufe gindin dabino biyu, baɗi ya rufe uku, wata rana a ce da a nan akwai lambu. Shi ya sa ake kafa shinge a kan tudu tun rairayin bai sauko ba. Kurumtar ƙara ma haka take tafiya, shekara da shekaru.

Abin da yake fara ɓacewa shi ne siririn sauti, kamar muryar mata da ta yara. Mutum yana jin ana magana, amma ba ya rarrabe kalmomin, balle a kasuwa ko wurin suna. Yana ƙure rediyo har iyali su yi ƙorafi. A yi masa sallama bai amsa ba, a ce girman kai ne. A gaya masa kuɗi kaza, ya ji wani abu dabam, rigima ta tashi. A hankali sai ya daina zama majalisa, don ya gaji da cewa "Na'am? Me ka ce?"

Awon ƙara

Kamar yadda ake awon hatsi da tiya, ƙara ma tana da ma'auninta. Sunansa desibel. Hira tsakanin mutum biyu wajen desibel 60 ce, ba ta cutarwa. Haɗari yana farawa daga 85. A kan 85, kunne yana iya ɗaukar awa 8 a rana. Duk sanda aka ƙara 3, sai lokacin ya rabu biyu. A kan 88, awa 4 ne. A kan 91, awa 2. A kan 94, awa 1. In ta kai 100, minti 15 kacal ne rabon kunne na yini guda.

Injin niƙa yakan wuce 90, wani ma ya kai 100, musamman tsoho a cikin rumfar kwano. Injin yankan ƙarfe na masu walda shi ma yana wajen 100. Harbin bindiga kuwa yakan kai 140, ɗaya tak yana iya lalata kunne. Yanzu ka ƙirga awa nawa mai niƙa yake yi a gindin injinsa ranar kasuwa.

Za ka ce ba ka da na'urar awo. Kana da ita, hannunka ne. Ka tsaya nesa da mutum kamar tsawon hannu. In sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, ƙarar wurin ta kai ta cutarwa.

Auduga ba ta isa ba

Da yawa in sun ji ƙara ta yi yawa sai su cusa auduga, ko tsumma, ko takarda. Niyyar mai kyau ce, amma busasshiyar auduga iska tana ratsa ta, sauti ma yana ratsa ta. Abin da take ragewa kaɗan ne ƙwarai. Ga shi kuma takan bar guntu a ciki, ya jawo ciwo. Naɗa rawani a kan kunne yana tare ƙura, ba ya tare ƙara.

Wanda ya fi muni shi ne na samarin yanzu. Yaro yana aikin walda, ya sa abin sauraren waya a kunne, ya ƙure waƙa don ta danne ƙarar inji. Wannan ya tara wa kunnensa ƙara biyu.

Abin kariya na gaskiya iri uku ne ake samu.

Na farko matoshin soso ne. Ɗan guntu ne mai laushi, kamar kan ɗan yatsa, sau da yawa ruwan ɗorawa ko ruwan goro. Masu kanti suna ce masa bushon. Shi ya fi araha, kuma in an sa shi daidai yana tare ƙara sosai. Amma fa a wajen sawa ake faɗuwa. Ka murza shi da yatsu har ya zama siriri. Ka zagaya da ɗaya hannun ta saman kai, ka ja kunnen sama, don hanyar ta miƙe. Ka tura shi ciki, ka riƙe da yatsa, ka ƙirga har 30, ya kumbura ya cika wurin. In ya zauna, za ka ji muryarka ta yi nauyi a cikin kanka. In rabinsa yana leƙe a waje, aikin banza ne, cire ka sake. Aibinsa ɗaya: yana shan dauɗa, kuma ba ya son wanki. In ya yi baƙi, ko ya daina kumbura, a yar. Bakanike mai baƙin mai a hannu, ya wanke hannu kafin ya murza shi.

Na biyu matoshin roba ne, mai tudu biyu ko uku kamar ƴar lema, sau da yawa da igiya a jiki. Ba a murza shi, turawa kawai ake yi a hankali. Ana wanke shi da ruwa da sabulu, ya yi watanni. A ganina shi ya fi dacewa da mai niƙa. Hannunsa kullum da gari, kuma in ya kashe inji sai ya cire ya bar shi rataye a wuya, ba ya faɗawa cikin rairayi. Sai dai kunnuwan mutane ba girmansu ɗaya ba. Ka gwada, in bai cika ba ka nemi wani.

Na uku marufin kunne ne, kamar ƙoƙo biyu da aka haɗa da baka a bisa kai. Shi ake ce wa kaske na ƙara. Sawa da cirewa ba wuya, kuma maigida yana hango ko yaronsa ya sa ko bai sa ba. Ya dace da kafinta ko mai walda da yake kunna inji ya kashe, ya kunna ya kashe. Ya dace kuma da wanda kunnensa yake ruwa ko mugunya, don shi bai kamata ya cusa komai a ciki ba. Amma ya fi tsada, kuma a zafin bazara na ƙasar nan, gumi yakan sa mutum ya tuɓe shi. Dole katifarsa ta manne da fata ko'ina. Rawani, ko hula, ko kallabi, ko ƙafar tabarau in sun shiga tsakani, ƙara ta sami ƙofa. In katifar ta tsage ko ta bushe, ya tashi aiki.

Inda ƙara ta yi tsanani ƙwarai, kamar injin fasa dutse a wurin haƙar zinariya, ana haɗa biyu: matoshi a ciki, marufi a waje.

Karatunka zai yi maka rana

A jikin takardar abin za ka ga haruffa SNR ko NRR, da lamba a gabansu, kamar 25 ko 30. Lambar tana nuna desibel nawa yake ragewa. Amma a ɗakin gwaji aka auna ta, inda babu gumi, babu gaggawa. A wurin aiki ka ɗauki rabinta. Misali, injinka yana 100, takarda ta ce 30. Rabin 30 shi ne 15. Ka cire 15 daga 100, saura 85. Ka gani? Minti 15 ya koma awa 8.

Kada kuma ka ce sai mai babbar lamba. In abin ya toshe ka ɗif, ba za ka ji bel ɗin inji ya fara kuka ba, ba za ka ji an ce "Kauce!" ba, sai ka riƙa cire shi kana mayarwa. Ga lissafin kuwa a sama: in ka cire na minti 15 inji yana aiki a kan 100, rabon yinin ya ƙare. Don haka wanda za ka iya bari a kunne tun daga kunna inji har kashe shi, shi ne naka, ko da lambarsa ba ta fi ta kowa ba.

Ba kullum ake samun su a kasuwarmu ba. A tambaya a farmasi da kantin kayan aiki, ko a ba direba saƙo zuwa Damagaram ko Kano. Masu sana'a ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayo kwali guda. Wanda yake aikin kamfani kuwa ya sani, dokar aiki ta Nijar ta shekarar 2012 ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiyar ma'aikatansa. Ya tambayi abin kariyarsa, haƙƙinsa ne.

Injin ma a duba shi. A sa masa mai, a ɗaure kusoshin da suka kwance, a gyara salansa. A ɗora shi bisa tsohuwar taya don ya rage girgiza. Rumfar kwano tana mayar da ƙara, ginin ƙasa ya fi ta.

A gida fa?

Ke uwar gida, in kin kai niƙa da goyo a baya, kada ki tsaya a gindin inji. Kunnen jariri ba shi da mai kare shi sai ke. Ajiye kwanonki, ki koma inuwa can nesa. A fili, duk sanda kika ninka nisanki da inji, ƙarar tana raguwa da desibel 6. Yaran da ake aika su ma a gaya musu haka. Wurin biki kuma kada a shimfiɗa wa yara tabarma a gaban lasifika.

Janareto, wanda muke kira gurup, a kai shi nesa da wurin kwana, bayan katanga. Amma kada a kulle shi cikin ɗaki don gudun ƙara. Hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci.

Sai waya. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da miliyan 1,000 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraren sauti da ƙarfi. In kana zaune kusa da ɗanka, kana jin waƙar da take cikin kunnensa, ta yi yawa. Ya rage ta zuwa rabi ko sama kaɗan, ya riƙa hutar da kunne.

In ka riga ka fara jin "shuuu" ɗin nan da ba ya tafiya, ko iyali suna cewa ba ka ji, kada ka ɗiga mai ko ruwan ganye, kada ka sa tsinke. Je asibitin Gure a leƙa kunnen. Wani lokaci dauɗa ce ta toshe shi, ko ciwo ne mai magani. In ana bukatar awon ji, sai a tura ka babban asibitin Damagaram, wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai ƴar na'ura da ake maƙalawa a kunne tana ƙara sauti. Tana taimakawa, amma da tsada, tana cin batir, kuma ba ta kai kunnen da aka haife ka da shi ba. In ka je, ka gaya wa likita irin aikinka, da shekara nawa ka yi kana yinsa.