Ko Ka Sani? Tumakin Da Ke Bayan Waƙar John Peel

Waƙar farautar da ta fi shahara a Ingila, wadda ake kira da sunan John Peel, John Woodcock Graves ne ya tsara ta a ƙauyen Caldbeck da ke yankin Cumberland, kafin ya yi ƙaura zuwa Tasmaniya a 1833, inda ya rasu a 1886. Graves da kansa ya ba da labarin cewa suna zaune da Peel a gidan shi Graves ɗin sai suka ji kaka tana rarrashin jikanta da wani tsohon karin waƙa na Sikotlan, shi kuwa ya ɗora baitocinsa a kan karin. Daga baya George Coward ya gyara kalmomin a 1866, sannan William Metcalfe na babbar majami'ar Carlisle ya sake tsara kiɗan, waƙar ta bazu har Landan.

Masu zane sukan nuna Peel cikin jar rigar farautar attajirai, alhali shi manomi ne na kan duwatsu (1776 zuwa 1854), wanda yake farautar yanyawar Turai mai jan gashi da karnukansa, a ƙasar da makiyaya ke ƙin wannan dabba saboda tana kashe musu 'ya'yan tumaki. Rigarsa ruwan toka ce, mai kauri kamar saƙi, ta ulun da ba a rina ba, kuma wannan launi daga jikin tumakin yankin ya fito, waɗanda ake kira Herdwick.

Lamarin waɗannan tumaki ya cancanci a tsaya a kansa. Ana haihuwarsu baƙaƙe wuluk, bayan shekara guda gashin ya koma ruwan ƙasa, idan aka yi musu askin farko kuma sai ya koma ruwan toka mai haske, fuska da ƙafafu su yi fari. Mafi ban mamaki shi ne yadda suke kiwo a kan tsaunukan da babu shinge ba tare da sun ɓace ba, domin kowace tunkiya ta san iyakar makiyayarta, kuma ɗanta yana koyon wannan iyaka daga gare ta, shi ya sa idan aka sayar da gona a can, garken yakan zauna tare da gonar. Marubuciya Beatrix Potter ta so su matuƙa, har ta bar wa hukumar National Trust gonakinta lokacin da ta rasu a 1943, da sharaɗin a ci gaba da kiwonsu. Annobar ciwon baki da kofato ta 2001 ta hallaka da yawa daga cikinsu, asarar da ta fi ta adadi nauyi, tunda garken da aka kawo daga wani wuri sai ya ɗauki shekaru kafin ya san dutsen.