Shukar da ba ta manta sanyi

Masu garake a Maradi da Tawa sun daɗe da sanin cewa shu yana dunƙulewa da kyau a lokacin ɗari, amma da wuya ya yi fure balle ya ba da iri, shi ya sa ake sayen irinsa daga waje. Dalili kuwa shi ne shukar tana jiran dogon sanyi irin na Turai, kuma tana da hanyar da take ƙirga shi.

An gano asirin ne a jikin wata ƴar ciyawa dangin shu, mai suna Arabidopsis. A shekara ta 1999 masana a Amurka da Ostiraliya suka bayyana wata ƙwayar gado da suka kira FLC. Babban aikinta shi ne hana fure. Muddin tana aiki, shuka sai ta yi ta ganye.

In sanyi ya ɗauki makonni, waɗansu sinadarai da ake kira Polycomb sukan taru su ɗora alama a kan ƙullutun da zaren ADN yake naɗe a jikinsu, daidai wurin da FLC take, sai ta yi shiru. Abin mamakin yana zuwa ne bayan sanyi ya wuce. Duk lokacin da ƙwayar jikin shuka ta rabu biyu, ana kwafe alamar a ƴaƴanta, har reshen da ya tsiro cikin ɗumi, wanda bai taɓa jin sanyi ba, ya gaji labarin.

A 2011 ayarin Caroline Dean da Martin Howard, a cibiyar John Innes ta birnin Norwich a Ingila, suka nuna cewa FLC ba ta dushewa sannu-sannu kamar fitilar da mai ya ƙare mata. A kowace ƙwaya, ko tana kunne ko tana kashe. Tsawon sanyi yana ƙara yawan ƙwayoyin da suka kashe ta ne kawai, kamar dai shuka tana jefa ƙuri'a. Gajeren sanyi ba ya samun rinjaye, kuma wannan ne ke hana ta yin fure tsakiyar hunturu ƙanƙara ta kashe shi.

Gadon bai kai ga iri ba: a cikin sabon iri ana goge alamar, kowane tsiro sai ya sha nasa sanyin. Lisenko, wanda ya mallake harkar noma a Tarayyar Sobiyet zamanin Stalin, ya dage cewa halin da sanyi ya koya wa alkama yana bin zuriyarta. Babinta ya ƙare da asarar amfanin gona, Vavilov da ya ja da shi kuwa ya mutu a kurkuku a 1943.

Gwajin fili da aka yi a Ingila da Suwidin, aka buga a 2018, ya ƙara wani abu: zafin rana da ya haura digiri 15 yana katse ƙirgar, ko da dare ya yi sanyi. Ɗarin Maradi kuwa da rana yakan kai digiri 30.