Idan hedimasta ya dawo gida

A wani ƙauye da ke gefen hanyar Kano zuwa Katsina, ba a barin ɗan fansho ya huta. Tun bai gama sauke kaya ba ake fara sallama da shi: "Malam, tunda yanzu ka samu sarari..." Daga nan sai a miƙo takarda.

Ma'aikacin gwamnati a Najeriya yana sauka ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Malaman makaranta kuwa, dokar 2022 ta ɗaga musu zuwa 65 ko 40 a inda aka yi aiki da ita. Ke nan da yawa da sauran ƙarfinsu suke dawowa.

Tsohon hedimastan garin, lokacin da yake bakin aiki a wani gari, taimakonsa na aljihu ne. Ya zo da Sallah, ya ba ƙungiyar ci gaban gari abin da ya sauƙaƙa, ya koma. Yanzu kuɗin sun ja baya, sai alƙalami. Shi ke riƙe da littafin karo-karon gyaran famfon burtsatse, shi ke rubuta wa ƙaramar hukuma koke kan rufin ajin da iska ta yaye, shi ne kuma sakataren kwamitin kula da makarantar firamare. Ya san wace ƙofa ake bugawa a sakatariya, ya san takardar da ba a bi sawunta ba ta mutu. Wannan ilimi ne da mai gari kansa ba shi da shi.

Amma kuɗin motar bin sawun daga aljihunsa suke fitowa, kuma mutanen gari sun ɗauka duk wanda ya yi aikin gwamnati da maiƙonsa ya dawo. Ba su ganin jiran garatuti, balle layin tantancewa.

Ta ɓangaren mata abin ya fi nauyi. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ba ta da kwamiti, ba ta da littafi, sai ƙofar da ake bugawa tsakar dare idan naƙuda ta zo da gardama. Ita ke cewa a nemo mota tun wuri. Irinta ne suka dinga shiga gida-gida suna lallashin iyaye bayan an ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003, har aka wanke Najeriya daga cutar a 2020.

Da matasa ne ake ɗan samun saɓani. Ranar aikin gayyar yashe magudanan ruwa gab da damina, su sun gama shirinsu ta WhatsApp, tsohon hedimasta kuma sai ya zo da rajista yana kiran suna, yana sa wa wanda ya makara alama. Ana gunaguni, amma rabinsu ɗalibansa ne, ba mai iya ɗaga masa murya. A ganina rajistar ce ma take fito da su.